Farin Alli a Kan Yadi

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma ƙafarki ta daina kumburi saboda tsayuwar wanki. Mu nan lafiya lau. Baba ya yi mura kwana uku, ta sake shi. Haƙorin Auta na gaba ya fita, ta ɓoye shi a kwalin ashana, ta ce sai kin dawo kin gani.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san a waya ba na iya magana. In Baba ya miƙo min ita yana tsaye a kaina, sai bakina ya mutu. Kawu Direba ya ce duk sati biyu motarsa tana bi ta ƙofar asibitin da kike aiki, zai riƙa kai miki takarda. Na san Anti Mai-guga ce za ta karanta miki. Ina gaishe ta.

Malamar su Auta ta kira Baba. Ta ce nan da sati goma sha biyu za ta gwada yara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya karatu ya wuce aji biyu, wanda bai iya ba ya maimaita. 'Yan aji ɗaya ƙarfe sha ɗaya suke tashi, 'yan aji biyu sai ƙarfe biyu. Baba ya ce in Auta ta wuce, babu sauran dalilin zamana a gida, zan tafi sakandare. In ta maimaita, sai na ƙara shekara ina rainonta, don shagon ɗinki ba wurin yaro ba ne, ga allura ga almakashi. Umma, a sakandaren shekara ɗaya kawai suka ce za su riƙe min gurbi. Wannan ce shekarar.

Tun da aka shiga gidan maƙwabta aka ɗauke musu rediyo, Baba yake sa mana kwaɗo ta waje. Da safe ya ɗora Auta a keke ya kulle ni. Sha ɗaya ya dawo da ita ya kulle mu tare, sai yamma. Kafin ya ja ƙofa yakan ce, “Ke ce mai ilimin gidan nan, ki zuba mata.” Ni kuma ban san yadda ake zubawa ba. Muna zama a ɗakin baya da littafinta, in ce a, ta ce a, in ce ba, ta ce ba. In na juya sai in tarar ta shige ƙarƙashin gado.

Amma ana ci gaba. Ga ma abin da ta rubuta miki a ƙasa.

'Yarki.

umma ina gaisuwa

*

Zuwa ga Shiru-shiru tawa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji daɗi ƙwarai. Ƙafa da sauƙi, sun ba ni kujera ina ninke zannuwan gado a zaune. Ki gaishe da Babanku, ki ce masa ya daina kwana da taga a buɗe.

Wai Autata ce ta yi wannan rubutun? Yarinyar da na bari ko cokali ba ta riƙewa daidai? Na sa an karanta min layin nan sau huɗu. Na yanke shi da almakashi na manna a bango saitin inda muke guga. Duk wadda ta shigo ɗakin wanki sai na nuna mata. Har shugabarmu ta tsaya ta duba, ta ce hannun yarinyar nan ya fi na wasu manya. Allah ya yi miki albarka. Kin ɗauke min nauyin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Yanzu ki karanta wa Babanku wannan, kada ki rage komai. Ka ji, kwaɗon nan ba na son shi. In wuta ta tashi fa, ta ina za su bi? Na biyu, kada ka bar wa yarinyar nan aikin ita kaɗai, ita ma yarinya ce. Ka zauna da Auta da kanka ko na minti goma ne a rana. Kai take bi kamar jela, abin da ka nuna mata shi zai zauna. Ba sai ka iya ba. Ka dai zauna.

Ki ce wa Auta ta rubuto min labarin haƙorin.

Ummanku.

Ni ce Anti mai rubutun. Uwarku ta hana mu sakat da takardar nan. Jiya tururin guga ya kusa jiƙa ta, ta yi tsalle kamar ba ita ce mai ciwon ƙafa ba.

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Anti. Mu ma lafiya, sai dai Auta ta ƙone yatsa a jikin butar shayi, kaɗan ne, har ya warke.

Na karanta wa Baba takardarki. Ya ce to, zai rufe taga.

Karatu yana tafiya sosai yanzu. Na canza dabara. Na bar a da ba ɗin nan, tunda kuka suke sa ta. Littafin nake karanta mata tun daga farko har ƙarshe, tana bi na, sau goma, sau ashirin a rana. Shafi goma sha shida ne. Yanzu in na buɗe ko ina sai ta ɗauka: “Ga kaza. Kaza ta ga masara. Kaza ta ci masara.” Ko numfashi ba ta yi. Shekaranjiya ta karanta wa Baba duka yana cin abinci. Bai kalli littafin ba, bakinta yake kallo. Da ta gama ya ce, “Kai, Auta, kin zama lauya.” Ya ba ta tsokar da ke kwanonsa. Ni ma ya ce min sannu da ƙoƙari. Tun da kika tafi bai taɓa ce min haka ba.

Akwai wata 'yar tsaga a ƙofar gida, daidai wajen sakata. Ƙarfe bakwai da rabi nake sa ido a wurin. 'Yan ajinmu suna wucewa da shuɗin yadi da farar safa. Wadda muke zama benci ɗaya da ita, wadda nake yi wa lissafi, ita ma tana ciki, da jaka mai zif biyu. Ranar nan ta tsaya ta ƙwanƙwasa ta ce, “Shiru-shiru, kina ciki?” Ina tsaye hancina yana taɓa ƙofar, amma ban amsa ba. Me zan ce mata?

Na share tsakar gida sau biyu yau don dai rana ta yi gaba. Na ƙirga bulon katanga, layi goma sha ɗaya ne. Saura sati tara.

Ga saƙon Auta.

'Yarki.

umma hakorina yana cikin kwali sabo ya fito

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Kawu Direba bai kawo amsarki ba, ya ce wataƙila sai zuwa na gaba. Ban iya jira ba.

Anti, don Allah in akwai mutane a wurin ki dakata, sai kun keɓe.

Umma, Auta ba ta iya karatu ba. Ko harafi biyar ba ta sani ba.

Ranar Talata Malama ta kira ta gaban aji. Ta buɗe littafi, ta ɗora tafin hannunta a kan hoton, ta ce karanta. Shafin jirgin ruwa ne. Auta ta ce, “Ga kaza.” Yara suka fashe da dariya. Malama ta buɗe wani shafin ta sake rufe hoton, Auta ta sake cewa ga kaza, tana kuka. Ashe hoton take kallo, sai ta rero abin da na cusa mata. Ni ma a raina na sani. Ban so in duba ba ne.

Malama ta ba ta takarda ta kawo gida. Baba ya miƙo min ya ce me ta ce. A ciki an rubuta cewa yarinyar hadda take yi, ba karatu ba, kuma in ba a canza ba za ta maimaita. Na kalli takardar, na kalli Baba da zare a wuyansa, na ce, “Ta ce Auta tana ƙoƙari.” Ya ce madalla.

Ba shi ke nan ba. Rubutun da kika manna a bango ba na Auta ba ne. Ni na yi shi da hannun hagu don ya karkace. Na biyun ma ni ce. Na so ki ji daɗi ne sau ɗaya, sai kika manna shi, sai na rasa yadda zan koma baya.

Kuma takardarki ban karanta wa Baba duka ba. Maganar taga kawai na faɗa. Da na zo wajen kwaɗo da wajen “ba sai ka iya ba”, sai na tsallake. Yaya zan kalli Baba in faɗa masa haka da bakina? Ko a shago in an kawo masa takarda cewa yake idonsa ne ba ya gani sosai, alhali yana zura zare a allura tashi ɗaya.

Duk takardar da ta shigo gidan nan ta bakina take bi, kuma duk na lanƙwasa su. Da ma ban iya karatun ba, da ban yi wa kowa ƙarya ba.

Auta ta daina yi min magana in ta ga littafi a hannuna. Jiya ta jefa shi bayan tulu, ta ce, “Yaya, ke ce kika sa aka yi min dariya.” Gaskiyarta ne.

Ki cire takardar daga bango. Ki yafe min.

'Yarki.

*

Umma,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Yau sati uku ke nan ba amsa.

Ranar Lahadi da kika kira wayar Baba, ya miƙo min, kika ce, “Ki dai ci gaba da abin da kike yi,” sai layin ya yanke. Tun ranar nake juya maganar. Na san fushi ne. Na gwammace ki zage ni a takarda da wannan shirun.

Ban ƙara buɗe littafin ba. Muna zaune ne kawai. Ita tana yi wa 'yar tsanarta riga da ƙyallayen da Baba yake kawowa, ni ina kallon katanga. Na daina leƙa tsagar ƙofa. Saura sati biyar. In kin ce in haƙura da sakandaren, zan haƙura, ki dai faɗa.

Wani direban ne ya karɓi wannan, ya ce Kawu ba ya nan.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Kawu Direba ne ya kwanta rashin lafiya, ta farkon ta yi sati uku a aljihun motarsa. Ranar da na kira waya ban san komai ba. Da na ce ki ci gaba, yabonki nake yi, sakarya.

Antinki ta fara karantawa, ta tsaya, ta ja ni bayan injin wanki. A can ta karanta min har ƙarshe. Na koma na ninke zani arba'in. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci, har abincin rana ban ci ba. Na tuna yadda na riƙa jan hannun mutane ina nuna musu bango. Amma da na huce sai na tambayi kaina, wa ya bar 'yar shekara goma sha huɗu a bayan kwaɗo ya ce ta zama uwa ta zama malama? Ni da Babanki ne. Ƙaryar taki ce, kada ki sake. Ɗakin da kika yi ta a ciki namu ne.

Takardar tana nan a bango. Antinki ta ce in cire, na ce ai dai hannun 'yata ne, ko hagu ko dama.

Bari in gaya miki wani abu. Zannuwan asibitin nan kowanne da tambari a gefe, don a san ɓangaren da za a mayar da shi. Da na zo rikita su nake yi, ana yi min faɗa. Antinki ba ta zaunar da ni da littafi ba. Duk zanin da na ɗauka sai ta ɗora yatsana a kan tambarin ta ce, wannan “yara”, wannan “mata”, wannan “maza”. Sau ɗari a rana yake bi ta hannuna. Yanzu ko daga nesa ina gane su, har na lura mata da maza farkonsu ɗaya ne. Ni da nake cewa kaina ya bushe. Ki ajiye littafin kazar nan tukuna. Ki duba abin da Auta take taɓawa da kanta ba wanda ya sa ta, ki fara daga nan.

Sai abu mai wuya. Ki ɗauko takardata ta farko, da ta Malama, da wannan, ki karanta wa Babanki duka, layi bayan layi. Zan iya gaya masa a waya, amma ba zan yi ba. Ta bakinki suka lanƙwashe, ta bakinki za su miƙe. Ba zai cinye ki ba. Kunyarki a wurinsa kika gado ta.

Ban ce ki haƙura da sakandare ba.

Ummanki.

Anti ce. Hannun hagunki ya fi daman ƙanina kyau, kuma shi har ya gama makaranta. Ki share hawaye.

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Na ga amsarki, na gode, na gode. Muna lafiya. Sabon haƙorin Auta ya fito da gaske yanzu, a karkace.

Kwana biyu takardun suna ƙarƙashin filona na kasa. Sai wani abu ya faru ranar Alhamis da yamma. Aiki ya yi wa Baba yawa, ya ɗauro yadikan mutane a bayan keke ya kawo gida zai yanka. Yana wanke hannu ya ce min, “Ɗauko min na mai aski.” Na buɗe ƙullin. Kin san yadda yake yi, ba ya rubuta suna, alama yake sa wa kowane yadi da farin alli. Ni duk zane-zane nake gani. Ina ta juyawa, sai Auta ta zo ta zare ɗaya ta ce, “Ga shi nan, Yaya, ba kya gani ne? Mai ƙafa biyu a buɗe, almakashi ke nan.” Na ce wannan fa? Ta ce, “Ƙwallo, tayar mota, na Kawu Direba.” Wannan fa? “Mai lanƙwasa, na mai ruwa.” Yadi goma sha uku, Umma, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Ba hoto, ba wanda ya rera mata. A ƙyallayen da take yi wa 'yar tsana riga ta koye su, tana tambayarsa yana gaya mata.

Baba ya yi dariya ya ce, “Wannan ai ta fi ki ilimi.” Ni kuwa miƙewa na yi. Na shiga ɗaki na ɗauko takardun uku. Na durƙusa na ce, “Baba, akwai abin da ban karanta maka ba.” Muryata kamar ta sauro. Na karanta duka, ban ɗaga kai ba. Da na zo “ba sai ka iya ba, ka dai zauna”, sai na ji almakashi ya tsaya. Da na gama ta Malama ya ce, “Tun yaushe?” Na ce sati huɗu. Ya naɗe yadin, ya shiga ɗaki. Ko faɗa bai yi ba. Da ya yi da ya fi min sauƙi.

Kwana uku ba ya ce min komai sai “rufe” da “buɗe”. Kwaɗo kuma yana nan.

Ranar Litinin da ya dawo da Auta sha ɗaya, bai juya ba. Ya jingine keke, ya zauna a bakin tabarma, ya fito da alli daga aljihu ya ajiye a gabana. Bai kalle ni ba ya ce, “Mai aski, yaya ake sa shi a irin naku?” Na ce ai mai aski da mai ruwa da mai nama duk farkonsu ɗaya ne, za su rikice. Ya ce, “To cire mai ɗin, kowa ya san mai ne.” Na rubuta “aski” a kan ƙyalle, kusa da almakashinsa. Na rubuta “ruwa”, “nama”, “mota”. Ya ɗauki na askin ya juya shi, ya ce, “Auta, zo ki taya ni, idona ba ya gani sosai.” Ta zo da gudu ta haye cinyarsa. Ita da ko sunan littafi ba ta son ji.

Yanzu kullum sha ɗaya yana zama minti goma, wani lokacin har ashirin. Yana riƙe ƙyalle, ita tana bin harafi da yatsa, ni ina faɗin sautinsa. In ya yi kuskure ta ce, “A'a Baba, wannan mai ƙugiya r ne!” Ya ce, “Afuwa, Malama.” Ban sani ba ko da gangan yake yi. Wani lokacin ina jin ba da gangan ba ne. Ta gano da kanta cewa ƙarshen “ruwa” da na “nama” da na “mota” iri ɗaya ne, ta yi ta ihu kamar ta tsinci kuɗi. Mun rubuta “tulu” a jikin tulu, “gado” a ƙafar gado. Ƙofar gida ma ta sa na rubuta mata.

Amma a hankali abin yake tafiya, Umma. Harafi goma sha ɗaya ta sani. Saura kwana goma sha biyu. Ba na jin za mu kai.

Yau ba saƙon Auta a ƙasa. Ta ce sai ta iya.

'Yarki.

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Anti. Kawu Direba ya warke, ya rame, shi zai kawo miki wannan. Mu lafiya lau.

Auta ba ta wuce ba.

Baba da kansa ya tsaya a bakin taga ranar gwajin, ya rufe shago. Shi ya ba ni labari. Malama ta rubuta kalma goma a allo, ba hoto. Auta ta sa yatsa tana bi a hankali, ta karanta huɗu. Ta biyar ta fara ta kasa, ta ce, “Wannan ban san shi ba tukuna.” Ba ta ce ga kaza ba, ba ta yi kuka ba. Malama ta ce wa Baba wannan karon karatu ne na gaske, amma shida ake nema, kuma in ta tura ta aji biyu a haka za a danne ta. Gara ta maimaita ta fito da ƙarfinta. Ta tambaye shi wa ya koya mata bin harafi da yatsa. Ya ce wai yayarta ce. Na ce masa ai kai ne. Ya ce in bar maganar.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na san sharaɗin tun farko. Da sati huɗun da na ɓata ina ɓoye takarda suna hannunmu, wataƙila da ta kawo shidan. Wannan ni na jawo. An yi hutu, aka kusa komawa, ba wanda ya ta da zancen sakandare. Ni ma ban tayar ba. Baba ya ci gaba da zamansa da Auta, sun kai harafi goma sha tara. Na ce a raina ko ba komai an samu wannan. Na koma ƙirga bulo.

Yau Asabar Baba ya ce Auta ta shirya ta bi shi shago. Na ce allura fa? Ya ce ya sa an yi masa akwati mai murfi ya zuba su, kuma ya ajiye mata benci a gefen keken ɗinki, ita za ta riƙa rubuta masa sunan masu kaya. Ya ce, “Kowane babban shago da akawunsa.” Suka tafi, ya sa kwaɗo kamar kullum. Na zauna ni kaɗai har yamma. Ban gane komai ba, Umma, kin san kaina in ya cushe.

Da suka dawo ya sauke ƙullin yadi, ya ce in ware masa. Ina warewa Auta tana karantawa da ƙarfi: aski, nama, mota. A can ƙasa akwai wani yadi shuɗi, an riga an yanka shi, ba a ɗinka ba. Rubutun kansa ba na Auta ba ne, nata ƙanana ne. Wannan manya ne, an danna allin har ya karye, harafin farko ya kwanta kamar zai faɗi. Auta ta sa yatsa ta ce, “Ya. Ya. Yaya! Naki ne!”

Na ɗaga kai. Baba yana can yana ta duba tayar kekensa, wadda ba abin da ya same ta. Ya ce da tayar, “Ban gwada ki ba, da ido na yanka. In ya yi yawa a rage.” Can ya ƙara cewa, “Sha ɗaya in na ɗauko ta, shago za mu wuce. Ke kuma ba na son latti.” Ya laluba aljihu ya ajiye makulli a kan tulu, daidai inda muka rubuta tulu.

Na so in ce na gode. Bakina ya mutu kamar a waya. Shi ma bai juyo ba. Auta ce ta ce, “Ku biyun nan sai ka ce kurame.”

Jibi Litinin. Ina jin tsoro, an wuce ni da shekara guda, kuma ban san me zan ce wa 'yar bencinmu ba. Ya ce gobe zai haɗa rigar. Na roƙe shi wajen rubutun ya koma ta ciki, kada a goge.

A cikin ambulan akwai ƙyalle, Auta ta rubuta miki kalma ɗaya a kai. Kada ki girgiza shi, alli ne. Ban riƙe mata hannu ba, ban ma tsaya a kanta ba. Harafi ɗaya ya ɓace mata, na bar shi haka. Anti, don Allah wannan kada ki karanta mata. Ki ba ta ta sa yatsa. Akwai farkon mata da maza a ciki, za ta gane.

'Yarki.